Dare a Ƙarƙashin Zanen Inna

Masu karanta littattafaina na almara sukan tambaye ni me ya sa sararin samaniyar duk garin da na ƙaga yake ƙamshin shuni. Murmushi kawai nake yi.

Ina yaro a unguwar Gawon Nama, zazzaɓi ya kwantar da ni har na daina cin abinci. Wata rana bayan azahar, kakata Inna ta shigo da kunu a ƙwarya. Na juya mata baya, na ce ba zan sha ba sai ta yi mini tatsuniya.

"Maigidana, ba a tatsuniya da rana," in ji ta. "Wanda duk yay yi ta, ɓacewa shikai."

Na yi banza da ita. Ta dubi kunun, ta dubi haƙarƙarina da suka fito. Sai ta janyo baƙin zanenta na rini mai ƙamshin shuni daga kan igiya, ta lulluɓe mu da shi, ni da ita da ƙwaryar. Zanen ya tsufa, duk ƙananan huji, hasken rana na shigowa ɗigo-ɗigo.

"To, ga dare ya yi, ga taurari. Buɗe baki."

Ina kurɓa, tana ba ni labarin wani gari da aka gina a kan tozon raƙumi. Na manta yadda ya ƙare, amma na shanye kunun tas.

Inna ta daɗe da rasuwa. Ni kuwa da rana tsaka nake rubutu, bayan na saki labule. Ashe gaskiya ta faɗa: tun ranar na ɓace a cikin zanen nan, kuma har yau ban nemi hanyar fita ba.