Carafken Hanne

Tun da aka kwashe wasan yara kaf aka mayar Gidan Wasa na Hukuma, ba a sake haifar daƙiƙi a Gusau ba.

Ranar Talata Iya Ladidi ta kai jikarta Hanne gwajin wata-wata. Ta san doka sarai: yaron da aka kama yana wasa a gida, makarantar kwana za a kai shi.

Aka zube wa Hanne duwatsun roba biyar. Ta cilla ɗaya sama, ta kwashe huɗu, ta cafe, ko dubawa ba ta yi ba.

Ma'aikaciyar da ke gwajin ta ajiye biro. "Iya, sai baɗi za mu koya musu carafke. A ina ta iya?"

"Sa'a ce kawai, 'yar nan," in ji Iya. "Wannan ko ludayi ba ta iya riƙewa."

"To, ta sake mu gani."

Hanne ta dubi kakarta. Sau uku tana cillawa, sau uku tana bari ya faɗi.

"Madalla. Daidai da shekarunta."

Da suka isa gida, Hanne ta zaro tsakuwoyinta daga bayan randa, ta zuba su a kwata.