Gurbin da Ba a Share Ba

Tun da aka sabunta babbar na'urar rajistar haihuwa, ta daina ba jarirai takarda fara. Duk gurbin da ba a share da hannu ba, sai bayanin wani tsohon mutum ya maƙale a ciki.

Washegarin suna, Tanimu tela ya kai sunan 'yarsa ofis. Ma'aikaciyar, Malama Ladidi, ta buga sunan, ta tsaya tana kallon allo.

"Lafiya, Malama?"

"Lafiya lau, Malam Tanimu. Wai 'yarka tana da 'ya'ya shida a Gumel."

Ya yi dariya. "Ita da ko cibiyarta ba ta warke ba!"

Ta bi gurbi-gurbi tana sharewa. A na ƙarshe ta tarar da ranar rasuwa, ta yi bismilla ta goge.

"Da na bar wannan, ko asibiti ba za su karɓe ta ba."

"Waɗanda aka rubuta kafin a gane fa?"

Ta nuna masa taga da haɓa. A inuwar darbejiya mata sun yi layi da goyo, suna jiran a shaida 'ya'yansu na da rai.