Makiyayin Ya Mutu Ko Ya Dawo?

"Yau dai za a yi ta ta ƙare," ta ce. Ta fizgi mayafi, ta tasa mijinta gaba har Gagarawa, gidan tsohon malaminsu na Hausa.

Tun suna amarci a Gumel suke musu kan littafin da malamin ya karanta musu a sakandare, ajinsu daban, na makiyayin da ya bi sawun raƙumarsa da ta ɓata. Shi ya ce makiyayin ya dawo gida lafiya. Ita kuwa ta san ƙishirwa ce ta kashe shi, don ranar har kuka ta yi. Abin da ya ƙure ta, yanzu 'ya'yansu sun goyi bayan uban, wai Umma ta fara mantuwa.

Tsohon ya saurare su tsaf.

"Ai guda ɗaya makarantar ke da shi, kuma gara ta cinye ƙarshensa. Kowane aji ni nake ƙarasa masa."

Ta dafe ƙirji. "Malam! To mu me muka yi aka kashe mana shi?"

"'Yata, ajinku kun cika surutu."