Baƙuwa a Soron Alhaji Baffa

Alhaji Baffa na yagar nama a soronsa na Mandawari wata budurwa ta yi sallama. Ya taɓe baki. Ya san irinsu, 'yan bokon nan masu manhajar ciniki a waya, masu hure wa matan aure kunne.

"Matata ba ta sana'a. Kuɗin cefanen da nake bayarwa tun kafin tsadar nan bai taɓa gazawa ba. Kama gabanki!"

"Ba rajista ta kawo ni ba, Baba. Lambar yabo na kawo wa Hajiya. Kaf cikin gari babu mai cinikin alkaki a manhajarmu kamarta."

Alhaji ya dubi tsokar da ke hannunsa. Ashe shi ake ciyarwa.