Curi Uku na Alawar Kirsimeti

Tsohon ya gama dakan biskit, ya zuba madarar gwangwani da garin cakulan, sai ya tarar babu ko ɗigon giyar ram da ake sa wa alawar a gidan. Ga shi ranar Kirsimeti, shagunan giya duk a rufe.

"Tsohuwa, mun shiga uku," ya ce wa matarsa, wadda karayar hannu ta hana ta haɗa alawar bana. "Yau ɗanmu zai nemi auren yarinyar nan, kin kuwa san kunyarsa. Na ce masa in ya ci curi uku bakinsa zai buɗe, kamar yadda nawa ya buɗe a gabanki."

"Kai dai mulmula, ka birkiɗa a kwakwa, ka sa a firij kafin zafin nan ya narkar da ita," in ji ta.

Bayan an ci abinci, ɗan ya haɗiye curi uku, ya durƙusa a kan ciyawa gaban kowa, ya nemi auren yarinyar. Ta ce ta yarda.

Tsohon ya raɗa wa matarsa, "Babu fa giya a ciki."

"Naka ma babu, sarkin tsoro. Ban taɓa sawa ba, warinta hawa mini kai yake."

Ya tuna duk rawar da ya taka shekara da shekaru yana ɗora wa alawa laifi. Sai ya jefa wani curin a baki, ya miƙa mata hannu.

"Taso mu taka, ta fara kama ni."