Igiyar Malam Albasa

Kwana uku ke nan Mashkura tana sa mai kabu-kabunta ya sauke ta a gindin dogonyaro, nesa da ƙofar makarantar da ake yi wa malamai bita a Goronyo. Tsoho ne, babur ɗinsa ma tsoho. Tun daga Dinawa yake ɗauko ta da sassafe, ya zauna yana bin inuwa har a tashi. Da ƙawarta Latifa ta tambaya, ce mata ta yi, "Wani tsohon unguwarmu na."

A takardar shiga kuwa, inda kowa ya sa sunansa da na mahaifinsa, ita Mashkura Dinawa ta rubuta, ta miƙa biro gaba.

Bitar a kan haɗa darussa ce: yadda yaro zai yi lissafi da kimiyya da rubutu cikin aiki guda, ya iya awo, ya iya tambaya, ya iya bayani. Hajiya Adawiyya, mai koyarwar da aka turo daga Sakkwato, ta ce ran ƙarshe kowa zai fito ya gwada darasinsa.

Mashkura ba ta shirya komai ba. Kwana biyun nan kwaikwayon mutane ta yi ta yi a lokacin hutu: tafiyar shugaban makaranta, gyangyaɗin Malam Atiku, har gyaran gilashin ita Hajiyar. Yanzu ga sunanta an kira, littafinta fari tas, kuma wanda bai gwada ba ba shi da takardar shaida.

Ta miƙe, dabara ta faɗo mata.

"Hajiya, ni yadda ba a so a yi zan gwada. Mun taɓa yin wani malami a aji huɗu, Malam Albasa muka ce mai."

Ta ranƙwafa kafaɗa. Ta naɗe gefen zanenta kamar mai shirin shiga laka, ta yi tarin nan guda biyu gajeru, ta murza kunnen hagu. Tun kafin ta yi magana aji ya fara motsi.

"Ku aje littahi! Yau gona za mu tahi!"

Ta ja igiyar da babu ita, mai ƙulli takwas, ta auna fangalin albasa tsawo da faɗi. Ta tsuguna ta damƙi ƙasa, ta shinshina. "Mi ya sa wagga ta riƙe ruwa, waccan ta sake shi? Kai, ɗanɗana mu ji!" Ta tura yara wajen mai gona su yi masa tambaya uku. Sannan ta kaɗa su aji da laka har gwiwa, kowa ya rubuta wa kakarsa wasiƙa a kan abin da ya gano.

Malam Atiku har da buga benci. Latifa ta kife kai tana share hawaye. Mashkura ta ƙara gishiri: yadda iyaye suka yi ca a kan wankin riguna, yadda yara suke toshe hanci in ya wuce, yadda a ƙarshe aka ce ya zaɓa, ko allo ko gona. Har yadda yake ƙulla igiyar da haƙori bayan sallar asuba sai da ta gwada.

Sai da dariyar ta lafa ta lura Hajiya ba ta cikin masu yi. Tana jikin allo tana rubutu: awo, bincike, tambayar masani, rubuta bayani. Ta buɗe littafin bitar, ta ɗaga shi kusa da allon. Iri ɗaya, har jerin.

"Kwana uku ina ta faman in hwahimtar da ku wanga abu," in ji Hajiya. "Ashe wani bawan Allah ya yi shi tun da daɗewa, anka kore shi. Ɗiyata, shina da rai? Ina son in kai shi gaban malaman Raba da Wurno."

Mashkura ta tuna ranar da ta fara wannan kwaikwayo, tana 'yar shekara tara, don kawai 'yan aji su daina toshe hanci in ita ta wuce. Dabarar ta yi aiki. Shekara goma sha biyar tana yin aiki.

"Ban san inda shike ba, Hajiya."

Aka ba ta takardar shaida. Ta karɓa ba ta ɗaga ido ba.

Da ta fito, ba kowa a gindin dogonyaro. Rana ta juya, inuwa ta koma jikin bangon ajin, daidai ƙarƙashin tagar da ke buɗe. Nan ta tarar da tsohon zaune a kan babur. Ya yi tari guda biyu gajeru, ya murza kunnen hagu.

"Kin iya, wallahi," ya ce a hankali. "Amma ƙullin igiyar goma na, ba takwas ba. Hau mu tahi."

Ba ta hau ba. Malamai suna ta fitowa, Latifa a gaba, Hajiya a baya da jakarta. Mashkura ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, kuma wannan karon ba muryar kowa ta ara ba.

"Hajiya, ƙarya niy yi. Ga Malam Tambari nan. Babana na."