Ƙunshin da Ya Yi Shiru

Tun ranar da aka sabunta rumbun manhajoji, inda kowa ke sauko da su, kwamfutocin jama'a suka zama bebaye. Waƙa ba ta fita, a bidiyo baki kawai ke motsi. Koke-koke suka yi ta kwarara, kuma duk a kan Uwar Rumbu suke sauka, domin babu manhajar da ke shiga rumbunsu na Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutocin, ko ta fita sai da sa hannunta.

Ɓarnar daga wani ɗan ƙunshin manhaja take, mai kai sauti zuwa lasifika. An canza abin da yake dogara a kai, shi kuma ba a gyara shi ba. Mai kula da shi, wanda kowa ya sani da Maƙeri kawai, ya yi ɗif.

Ta aika masa saƙo cikin ladabi. Shiru. Ta sake aikawa, ladabin ya ragu. Shiru.

Dokarsu ba ta da kwana-kwana. Wanda ƙunshinsa ya lalace ya ƙi amsawa, a karɓe aikin daga hannunsa, a soke makullinsa, a goge sunansa. Yau da yamma za a rufe rumbu don fitar da sabon zubi.

Dogo, mataimakinta, ya jingina da ƙofar ofis, ya ɗora ƙafa a bango yana kaɗa ta. "Anti, danna maɓallin korar kawai mu huta. Mutumin nan ya ƙoshi da mu ne. Wataƙila ma amarya ya yi."

"Cire ƙafarka daga bangon mutane," ta ce.

Ba mace ce mai ɗaga ƙafa ba. Ta kori waɗanda suka fi shi suna, ta yi barcinta lafiya. Amma ta tarar da Maƙeri a wannan aiki, kuma bai taɓa bari saƙo ya kwana ba. Yana da taurin kai, wannan gaskiya ne. A tura masa hoton matsala, sai ya ce a rubuta masa da kalmomi. Da aka yi rigimar launin tambari, kowa ya tofa albarkacin bakinsa ban da shi. Kuma duk wani sabon abu da ya shiga rumbu, a kan kwamfutarsa yake fara ɗora shi kafin kowa.

Waɗanda suka san fuskarsa duk sun bar aikin. Lambar wayarsa babu mai ita. Abin da ya rage shi ne adireshin da aka taɓa aika masa kyautar kwamfuta, ya karɓi akwatin, ya ce allon a ba wani.

Ta ɗauki jakarta. "Kada ka taɓa komai sai na kira ka."

"In lokaci ya cika fa?"

"To, ka danna."

Motar da ta shiga zuwa adireshin ta tsaya cak a cunkoso. Rana ta karkata. Wayarta ta yi ta kuka, Dogo ne, ta ƙi ɗagawa. A zuciyarta tana jera maganganun da za ta gaya wa Maƙeri: amana ba rigar aro ba ce, mutum in ya gaji ya faɗa, ba ya bar jama'a a rana ba.

Gidan bene ne, matakalar duhu. Wata maƙwabciya mai shanya ta nuna mata ƙofa. "Yana ciki. 'Yarsa ce ke zama da shi, ta tafi haihuwa."

Ta yi sallama, aka amsa. Ɗakin tsaf, kowane abu a mazauninsa, fitila a kashe. Wani dattijo yana zaune gaban tebur, yatsunsa a kan madannai. Akwatin kwamfuta na gurnani a ƙasa, ga lasifika biyu a gefe.

"Kai ne Maƙeri?" ta ce, fuska a ɗaure. "Ni ce Uwar Rumbu. Saƙo nawa na aiko maka? Ƙunshinka ya lalace, yau za a kore ka, kana nan zaune!"

Dattijon ya juyo, amma fuskarsa ta ɗan kauce wa inda take tsaye.

"Na san ya lalace, 'yata, a kaina ya fara," ya ce a hankali. "Gyaran layi ɗaya ne, yana bakina. Zo ki ara mini idonki. Kwamfutar nan ita ke karanta mini komai, kuma tun ranar da ta yi shiru nake zaune a nan, ga ni makaho, ga ta bebiya."